Matar da Ta Ƙi Tuba a Ƙarshen Fim

A Birni aka haife ni, tsohuwar unguwar Damagaram, a wani gida da bangonsa na baya dutse ne, ba tubali ba. Mahaifina baduku ne. A zaure yake zama yana ɗinka jakunkuna da takalma da matasan kai na fata, kamar yadda ubansa ya yi kafin shi. Ba shi da yawan magana, ni ma haka na taso. Na kuma ɗauko idanunsa, irin waɗanda in sun sauka a kan mutum ba sa saurin ɗaukewa. Tun ina ƙarama matan unguwa ke ce wa mahaifiyata, "Wannan 'yar taki in ta kalle ki sai ki fara tunanin laifin da kika yi." Ita kuwa sai ta ce su bar mata 'yarta, haka Allah ya yi ta.

A lise, wato sakandare, na shiga ƙungiyar wasan kwaikwayo. 'Yan mata na rububin fitowa a amarya ko 'yar sarki, ni kuwa abin da ya rage ake ba ni: gwaggo mai baƙin ciki, ko mai gidan haya marar tausayi. A can na gano wani abu da har yau nake cin moriyarsa. In na ɗaga murya, 'yan kallo dariya suke yi. In na sassauta ta, na yi magana kamar mai lallashi, sai zauren ya yi tsit, har ka ji motsin benci. Wannan shirun ya fi mini tafi daɗi.

Da na gama karatu na zama malamar lakol, wato firamare, aka tura ni wata makaranta a unguwar Zango, ajin ƙananan yara. Na yi aure, na haifi 'ya ɗaya, auren bai yi tsawon rai ba, na kama ɗaki kusa da makaranta ni da 'yata. Ina cikin wannan zama sai wani da muka yi ƙungiyar wasa tare, wanda ke bayana a aji, ya zo ya same ni. Shago gare shi na ɗaukar bukukuwa da kamara, amma ransa na kan fim. Ya ce ya gaji da finafinan soyayya da ake kawo mana, so yake ya yi irin wanda zai sa mutum ya riƙa waiwaye in yana tafiya. Shi ya shirya yawancin finafinan da na fito a ciki, kowa darakta yake ce masa.

Fim ɗinmu na farko labarin wata mai abinci ne a tasha, mai zuba wa matafiya maganin barci a miya, mutanenta su bi su cikin mota su kwashe musu kaya. Wata rana ta zuba wa wani dattijo, bai sake tashi ba. Ranar da muka fara ɗauka, a wata rumfa da muka ara bayan tasha, darakta ya ce in zare ido, in yi dariyar mugunta lokacin da nake barbaɗa garin.

"Wa zai ci abincin mai irin wannan dariya?" na tambaye shi. "Kai in ka sauka mota da yunwa, wajen wa kake zuwa?"

"Wajen mai fara'a."

"To bar ni in yi fara'a."

Na yi ta yadda nake so. Na tarbi dattijon da sannu da hanya, na goge masa benci da gefen zanena, na tambaye shi iyali, na ƙara masa tsokar nama kyauta. Hannuna na zuba garin, bakina na yi masa addu'ar sauka lafiya. Da aka ce a tsaya, mai kamara ya ɗago kai ya ce, "Wallahi Madam, daga yau na bar cin abinci a tasha."

A ƙarshen fim ɗin an kama matar, aka nuna ta a kaso tana kuka tana neman gafarar Allah da ta mutane. Haka ake rufe irin waɗannan labarai, ban yi gardama ba. Aka shafa mini man zafi ƙarƙashin ido, na yi kukan, aka tashi.

Fim ya fita a faifai, ya shiga gidaje da shagunan kallo. Ba a daɗe ba matar yayana ta haihu. Yayana shi ne babba a gidanmu, mai shagon yadi ne a Zango, mutum mai son a gan shi da mutunci. Ranar suna na tashi da sassafe na yi dambun zogale, babbar roba cike, abincin da duk dangi suka san hannuna a kai. Aka fito da abinci. Shinkafa ta ƙare, tuwo ya ƙare, har ƙanzo aka kankare. Dambuna na nan a gindin bango, an buɗe an mayar an rufe. Na ji wata daga dangin mai jego tana raɗa wa 'yarta, "Kar ki taɓa wancan, na matar tasha ne."

Wasu suka yi dariya, wai wasa ne. Amma ba wadda ta miƙa hannu.

Na ɗauko robar na dire ta a tsakiyar gida, na shimfiɗa tabarma, na wanke hannu, na kira 'yata. Muka ci a gaban kowa, a hankali, ina ƙara mai da yaji. Na ci har cikina ya ɗaure, don na ƙudura a raina ba zan tashi da wuri ba. Da na gama na kalli matar na ce, "Hajiya, a ɗan jira a gani ko zan yi barci." Gida ya ɗauki dariya, ita ba ta yi ba. Sauran dambun na rufe, na ɗora a ka, na koma da abina. Tun daga ranar ban sake dafa wa taron gidan yayana komai ba ko sun roƙa, kuma sun roƙa.

Abin da ya faru a makaranta ya fi wannan ciwo. A fim na biyu na fito a matar da ta binne abokin cinikin mijinta a turken awaki, ta ci gaba da zuba musu dusa a kai kullum safe. Bayan fitarsa iyayen yara suka haɗu suka je wajen shugaban makaranta, wanda muke ce wa Mushe kamar yadda ake kiran malamai maza da Faransanci. Ya kira ni biro, wato ofishinsa, ya rufe ƙofa, ya nuna mini kujera. Dattijo ne mai kirki, ya kasa haɗa ido da ni.

"Madam, aikinki ba wanda ya kushe. Amma sun ce yaransu na tsoronki."

"Mushe, tashi mu je ajin yanzu. In ka ga yaro ɗaya da ke tsorona, yau zan ajiye alli."

Bai tashi ba. Ya san abin da zai gani, yara masu rige-rigen riƙe mini jaka. Iyayen ne ke tsoro.

"Ko dai ki huta da fim ɗin nan," in ji shi, "ko ki riƙa fitowa a mutanen kirki. Uwa, malama, likita. Ai duk wasa ne."

"In duk wasa ne, me ya sa wannan ya dame su?"

Ya ce shi dai saƙo ya isar. Na ƙarasa shekarar karatu, don ban ga dalilin barin yara a tsakiyar hanya ba, sannan na ajiye aiki da kaina. Na yi kuka ranar, na gaske, amma sai da na kai ɗakina na rufe ƙofa.

Na je na gaya wa mahaifina. Yana huda fata, bai ɗago ba sai da na kai aya. Bai taɓa kallon fim ba, bai kuma kalla ba har ya bar duniya.

"Wannan abin da kike yi, sata ce?"

"A'a, Baba."

"Kina cutar wani?"

"A'a."

"An ce kin iya?"

"Haka suke cewa."

"To ki ƙara iyawa," ya ce, ya mayar da kai kan aikinsa.

Fim a garinmu ba ya ciyar da mutum, sai na koma haɗa turaren wuta da humra, sana'ar da na koya wajen kakata ta wajen uwa, Babarbariya. Turare ba a ci, don haka ba wadda ta ji tsoron saye. Shekaru suka yi ta tafiya, ina haɗa turare a gida, ina kashe mutane a gaban kamara. Na fito a ungozoma mai musanya jarirai. Na fito a mai sayar da maganin jabu. Na fito a shugabar ɓarayin babura, wadda ke tsayawa bakin hanya da ƙullin kaya kamar baiwar Allah, ta ce a kai ta bayan gari. Bayan wannan na sha tafiyar ƙafa, don 'yan kabu-kabu in sun gane ni sai su ƙara wuta. Wani da ya daure ya tsaya ya ce, "Hau, Tanti, amma ki zauna inda zan riƙa ganinki a madubi."

Kowane fim kuwa hanya ɗaya yake ƙarewa. Ko in tuba, ko in haukace in bi titi ina tsince-tsince, ko in mutu ina kiran waɗanda na zalunta. Mutane su tashi daga kallo zuciyarsu a sanyaye, su ce alhaki ya kama ta.

Wanda ya canza ni shi ne wanda muka yi a wani ƙauye wajen Garagumsa. Labarin wata mata ne mai bin ƙauyuka tana karɓar yara a hannun iyayensu, da alkawarin za ta kai su arewa, ƙetaren hamada, inda ake samun alheri, ta dawo da su da kaya. Wasu su dawo. Wasu mota ta lalace da su cikin rairayi, ba a sake jin labarinsu ba. Yadda darakta ya tsara, ƙarshen kamar kullum ne: fatalwar yaran ta hana ta sakat, ta fito dandali ta tona wa kanta asiri.

Cikin bazara muka je, rana kamar ta fasa kai, gonaki fayau ana jiran ruwa. Aka sauke ni a gidan wata tsohuwa mai ɗaki biyu da rumbu. Tana ɓarar gyaɗar iri nake ba ta labarin da muka zo yi. Ta ci gaba da ɓara, hannunta bai tsaya ba. Can ta ce, "Ai da ba ku wahalar da kanku wajen ƙirƙira ba. Tamu tana nan." Ta nuna da haɓa wajen wani gida a ƙarshen gari, shi kaɗai mai rufin kwano da ƙofar ƙarfe.

"Kuma tana zaune cikinku, Inna?"

"Ina za ta je? Garinsu ne. Jikana na cikin waɗanda ba su dawo ba. Ranar sadakarsa ita ta aiko da hatsi."

"Kika karɓa?"

"Na karɓa. Akwai masu ci a gidan."

Washegari da hantsi na yafa gyale na tafi gaishe ta. Darakta ya ce kar in je, na ce gaisuwa ce, ba faɗa ba.

Na sami mace mai jiki, mai haƙorin Makka, zaune a inuwa jikokinta na hawa bayanta. Nan take ta gane ni, ashe tana kallon finafinaina. Ta yi murna sosai, ta sa aka dama mini fura da ruwan randa mai sanyi. Na sha. Muka taɓa hira kan tsadar hatsi da ciwon gwiwa. Ni ban tayar da maganar ba, ita ta tayar.

"An ce labarin masu kai yara kuka zo yi. 'Yar nan, mutane ba su da godiya. Su suke zuwa har nan da ƙafarsu, su durƙusa, su ce Hajiya a taimaka. In yaro ya dawo da katifa da keken ɗinki, ba mai zuwa ya ce na gode. In Allah ya karɓi abinsa a hanya, sai a ce ni ce. Ni na halicci hamada?"

Tana faɗa tana tsefe wa jikarta kai. Na dubi idonta iya dubawata. Ban ga tsoro ba, ban ga nadama ba, ko ƙiyayya ban gani ba. Mace ce mai cin abinci ya zauna mata, mai kwanciya ta yi barci. Da zan tafi ta raka ni har ƙofa, ta ce in gaida mutan gida.

Na dawo na sami darakta a gindin gawo yana duba abin da aka ɗauka jiya.

"Ba zan yi tuban nan ba," na ce masa.

"Wane tuba?"

"Na ƙarshe. Fatalwa da dandali da kuka. Ba zan yi ba."

Ya ajiye abin da ke hannunsa. "Madam, in ba a hukunta ta ba za a ce mun koya wa mutane mugunta. Za a yi da mu a wa'azi. Masu saye za su gudu."

"Daga gidanta nake yanzu, fura na sha. In muka nuna ta tana kuka, tsohuwar da ta ba ni masauki za ta san ƙarya muka yi. Kuma duk uwar da ta kalla za ta ce ai Allah na kama su, ta kwantar da hankalinta, ta miƙa nata ɗan ga mai fara'a ta gaba."

"To yaya kike so a rufe?"

"Yadda abin yake."

Muka yi ta ja har la'asar. Ya ce zai nemo wata ta ƙarasa, na ce ya nemo, ga zanen ga gyalen. Ya san an riga an ɗauki mafi yawan fim ɗin da fuskata. Ya yi fushi, ya daina yi mini magana sai ta bakin mai kamara, amma ya ɗauka yadda na ce. Ga yadda aka rufe: an gama zaman makokin yaran, mutane sun watse. Da safe wata matashiyar uwa ta zo ƙofar gidana riƙe da hannun ɗanta, ta yi sallama. Na buɗe, na dubi yaron, na shafa kansa, na yi murmushi na ce, "Ku shigo daga ciki, akwai rana." Ƙofa ta rufe. Shi ke nan.

Abin da darakta ya ji tsoro ya faru, har da ƙari. Aka yi da mu a wa'azi, aka yi da mu a rediyo, masu kira na cewa an bar azzaluma ta ci bulus, wace irin tarbiyya ke nan. Wasu masu sayen turarena suka ɗauke ƙafa. Amma fim ɗin ya je inda sauran ba su taɓa zuwa ba, don a waya aka riƙa tura shi daga ƙauye zuwa ƙauye.

Wata ranar kasuwar Mirriya na shiga ƙaramar bas na je sayen kaskon turare wajen masu tukwane. Ina tsugune ina ƙwanƙwasa kasko in ji ko ya gasu, sai na ji an fizgi gyalena ta baya. Na juya. Wata mata ce siririya, ba za ta girme ni ba, zanenta ya koɗe. Kafin in gama miƙewa ta kwaɗa mini mari, har kunnena ya ɗauki ƙara.

"Ina kika kai su?" ta ce. "Ina kika kai mini su?"

Mutane suka taru. Mai tukwane na cewa, "Baiwar Allah, fim ne! 'Yar wasa ce!" Wasu suka riƙe ta, wani na cewa a kai ta wajen jandarmomi. Na ce su sake ta. Ban ce mata fim ne ba. Ta san fim ne, ba mahaukaciya ba ce. Wadda take so ta mara ta fi ƙarfinta, ni ce a kusa.

Na kama hannunta na ja ta bayan rumfa, muka zauna a kan wani kututture. 'Ya'yanta biyu aka tafi da su, mace da namiji. Ta gaya mini yadda ta yi wa macen kitso ranar tafiya, ta ƙulle wa namijin ƙuli-ƙuli a bakin riga. Ta ce a wayar ƙanenta ta kalla, da ta ga na shafa kan yaron nan sai ta kasa jurewa, domin kuwa haka aka shafa kan nata.

"Me ya sa ba a kama ki ba a ƙarshe?" ta tambaye ni.

"Taki an kama ta?"

Ta girgiza kai.

"Shi ya sa."

Sannan ta ce ƙanwarta na shirin ba da nata bana, ita kuma ta kai mata wayar, ta zaunar da ita, ta ce sai ta kalla har ƙarshe. Ban san abin da ƙanwar ta yanke ba, ban kuma sake ganin matar ba. Ba ta ba ni haƙuri kan marin ba, ni ma ban nema ba. Na koma na sayi kaskona, na shiga mota da kunci a kumbure.

Labarin marin ya riga ni isa Damagaram. Yayana ya aiko a kira ni shagonsa. Lokacin mahaifinmu ya riga ya rasu, shi ne uba. Ya sallami masu ciniki, ya zaunar da ni tsakanin bandiran yadi.

"Yanzu abin ya kai a mare ki a kasuwa. Ke ba yarinya ba ce. 'Yarki ta girma, wa zai so surukar da ake nunawa da yatsa? Ki bari haka nan, ni zan ɗauki nauyinku."

"Na gode, Yaya. Ba zan bari ba."

"Don me? Me kike samu a ciki?"

"Na iya ne. Kai ka iya yadi, ba wanda ya ce ka bari. Masu cutar mutane da sallama suke shiga gida, Yaya, da fara'a, har a ba su ruwa. Dole wani ya nuna haka."

"Sai ke?"

"Sai ni, tunda sauran duk so suke a so su."

Ya ce in na fita da wannan magana, kar in sake sa ran zai sa baki a al'amarina. Na ce to. Na yi masa sallama yadda ya kamata, na fita. Muka yi shekaru ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwar salla. 'Yata ta yi aure duk da haka. Wani ma'aikacin asibiti ta aura, uwarsa kuwa ta fi kowa son finafinaina, takan kira ni a waya ta ce in gaya mata wa zan kashe a na gaba, ba za ta faɗa wa kowa ba. Yayana ya zo ɗaurin auren, ya zauna a sahun gaba. Bai tayar da tsohuwar magana ba, ni ma ban tayar ba.

Yanzu furfura ta fito mini, gwiwa na ƙara in na tashi. Darakta ya koma Yamai da zama. Sababbin matasa ne ke fim, da waya da 'yan ƙananan fitilu, a saki labari kashi-kashi. Sukan zo da ladabi su durƙusa su ce, "Tanti, muna so ki fito a uwa, za ki zauna a darduma ki yi wa ɗanki addu'a." Nakan tambaye su me uwar ta ɓoye. In sun ce ba komai, in ce su gaida gida. Akwai mata da yawa a garin nan da suka fi ni iya kuka a kan darduma, su ma suna neman aiki.

Kwanan baya wata matashiya da ta karanci aikin fim ta kawo mini labari. Tsohuwa ce mai wankan gawa a unguwa, wadda hannunta ke gaya mata wace ta mutu da ciwo, wace aka taimaka wa mutuwarta, ita kuma ta riƙe abin da ta sani tana juya manyan gidaje yadda take so. Tun ba ta kai ƙarshen bayani ba na ce na karɓa. Yanzu haka da hantsi nakan je wajen wata tsohuwa da ke wannan aiki a unguwarmu, ina koyon yadda ake naɗe hannu da ƙyalle, da yadda ake juya mutum ba a bar kansa ya bugu ba. Na gaya mata don fim nake koyo. Ta ce ita ba ruwanta da dalili, hannu take nema, matan yanzu duk gudu suke yi. Har ta fara aikowa a kira ni in an yi rasuwa, kuma ina zuwa. Bayan salla za mu fara ɗauka.